Tarihin Harshen Klingon da Abin da Ya Sa Fassara Maganganun Fim Zuwa Cikinsa Ke Ba Sabon Shiga Wahala

Mai karatu, a ce yau ka ɗauko wata magana da ka haddace daga fim, ka samo ƙamus na wani harshe, ka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya kana musanyawa. In harshen Faransanci ne ko Sifaniyanci, ko da ka yi kwaba, mai harshen zai iya gane inda ka dosa. In kuwa Klingon ne, abu ne mai sauƙi ka yi nufin cewa jarumi ya kashe abokin gaba, ka ɓuge da rubuta cewa abokin gaba ne ya kashe jarumi, alhali ko kalma ɗaya ba ka ɗauko ba daidai ba.

Klingon harshe ne ƙirƙirarre. Babu wata ƙasa ko ƙabila a doron ƙasa da ta gaje shi. An yi shi ne don wasu halittun wata duniya, mayaƙa masu zafin kai, da ke fitowa a fina-finan Star Trek na Amurka. Duk da haka yana da nahawu tsayayye, da ƙamus, da littattafan da aka fassara, da mutanen da ke hira da shi. Kusan duk wani tarko da sabon ɗalibi ke faɗawa a cikinsa yana da tarihi: wani an ɗana shi da gangan, wani kuma tsautsayin ɗaukar fim ne ya haife shi. Wannan tarihin za mu bi.

Kafin a sami harshen

Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro Star Trek, aka fara nuna shi a talabijin a 1966. Mutanen Klingon sun fara bayyana a 1967, amma a lokacin Turanci zalla suke yi, kamar kowa a cikin shirin. Sai a 1979, a fim ɗin farko na silima, aka ji wani kwamandansu yana ba da umarni da wani baƙon yare. James Doohan, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin injiniya Scotty, shi ne ya tsara waɗannan sautuka tare da furodusa Jon Povill, Mark Lenard kuma ya furta su. 'Yan kalmomi ne kawai masu kaushi, babu nahawu a bayansu. Abin da ake buƙata a lokacin bai wuce mai kallo ya ji cewa waɗannan ba mutanen duniyarmu ba ne.

Shigowar Marc Okrand

Okrand masanin harshe ne da ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1977. Bincikensa a kan nahawun Mutsun ne, wani harshen 'yan asalin Kalifoniya wanda mace ta ƙarshe da ta iya shi sosai, Ascensión Solórsano, ta rasu tun 1930. Ke nan ya saba da aikin tono dokokin harshe daga rubutattun bayanan da wasu suka bari, ba tare da wanda zai tambaya ba. Daga baya ya koma aikin sanya rubutu a ƙasan allon talabijin don amfanin kurame.

Aikinsa na farko a Star Trek a fim na biyu ne, na 1982. An riga an ɗauki wata hira tsakanin Spock da Saavik da Turanci, sai aka ga ya fi kyau a ji su suna yarensu na Vulcan. Aka ce Okrand ya ƙirƙiro sautukan da za su dace da motsin leɓɓansu. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa a Kano ya san wannan aiki: dole magana ta shiga bakin ɗan wasa, ta ƙare daidai lokacin da ya rufe baki.

Da aka zo fim na uku, na 1984, inda Christopher Lloyd ya fito a matsayin kwamanda Kruge, sai aka nemi cikakken harshe. Okrand ya saurari 'yan kalmomin 1979, ya gina sauran a kansu. A 1985 ya fitar da The Klingon Dictionary, wanda rabinsa bayanin nahawu ne, rabi jerin kalmomin da ba su kai dubu biyu ba. Wannan littafi, da ƙarin da aka yi masa a 1992, shi ne madogara har yau.

An gina shi ne ya saɓa wa kunne

Da yake Okrand ya san abin da harsunan 'yan Adam suka fi yi, sai ya riƙa zaɓar abin da suka fi gudu. Harshen yana da baƙaƙe 21 da wasula 5. Babu k, babu f, babu z. Shi ya sa sunan harshen da kansa yake tlhIngan Hol. Wannan sauti na *tlh* akwai irinsa a harshen Nahuatl na Meziko, amma Bature bai san shi ba, Bahaushe ma haka.

Lura da babban baƙi a tsakiyar kalma. A rubutun Klingon, babban baƙi ba ado ba ne kuma ba alamar farkon jimla ba ne. Ƙaramin *q* da babban *Q* sautuka biyu ne daban, kamar yadda k da ƙ suke daban a Hausa. Wayar da ke gyara maka rubutu da kanta za ta iya canja maka ma'ana. Alamar ɗauri kuwa, wato ('), cikakken baƙi ce, hamza ce irin ta cikin *sa'a* da *jama'a*. A nan Bahaushe ya riga Bature gaba, don ya san ba a tsallake ta.

Babban abin shi ne tsarin jimla. Hausa da Turanci suna fara kawo aikau, sai aikatau, sai karɓau: yaro ya sha ruwa. Klingon ya juya shi gaba ɗaya: karɓau, aikatau, aikau. *bIQ tlhutlh puq*, wato "ruwa sha yaro", shi ne yaro ya sha ruwa. Harsunan duniya masu wannan tsari kaɗan ne ƙwarai. Wanda aka fi ambata shi ne Hixkaryana na dajin Amazon a Barazil, wanda Desmond Derbyshire ya bayyana nahawunsa a shekarun 1970. To ka ga inda jarumin namu ya mutu: *jagh HoH SuvwI'* na nufin mayaƙi ya kashe abokin gaba. In ka bi tsarin Hausa ka fara da *SuvwI'*, ka kashe mayaƙin da hannunka.

Yadda gyaran fim ya zama dokar nahawu

Akwai wata jimla a fim na uku da ta bar tabo a harshen. An ɗauki Kruge yana yi wa mai harbinsa faɗa da cewa *qama'pu' jonta' neH*. Yadda Okrand ya tsara ta da farko, ma'anarta ita ce: ai na gaya maka, injin kawai. Da masu haɗa fim suka zauna, sai suka yi amfani da wannan hoton a inda rubutun ƙasan allo ke cewa fursunoni nake so. Sake ɗauka ba zai yiwu ba.

Okrand bai ce an yi kuskure ba. Sai ya sake yanka jimlar. *qama'* ya zama fursuna, *-pu'* ya zama alamar jam'i, *jon* ya zama kamawa, *-ta'* ya zama alamar aikin da aka kammala da niyya, *neH* kuma ya sami ma'ana ta biyu, wato so. Tsofaffin ma'anonin da dama ba su tafi ko'ina ba. Shi ya sa a yau ɗalibi ke tarar da *-pu'* a jikin suna yana nufin jam'i, a jikin aikatau kuma yana nufin an gama aiki, ya tarar da *neH* yana nufin "kawai" a wani wuri, "so" a wani wuri. Wannan ta zama al'adar Okrand: abin da ya fita a fim ya zama gaskiya, nahawu ne zai lanƙwasa ya karɓe shi.

Ranar da Hamlet ya zo

A fim na shida, na 1991, wanda Nicholas Meyer ya ba da umarni, an sa wani shugaban Klingon ya yi barkwancin cewa ba ka san daɗin Shakespeare ba sai ka karanta shi a harshensu na asali. Daga nan aka buƙaci Janar Chang, wanda Christopher Plummer ya fito a matsayinsa, ya faɗi sananniyar tambayar nan da Hamlet ya yi wa kansa a kan wanzuwa da rashinta. Matsalar ita ce gaba ɗayan tambayar a Turanci ta rataya ne a kan aikatau ɗaya mai nufin kasancewa, shi kuwa Okrand da gangan ya hana Klingon irin wannan aikatau, ya kuma riga ya buga haka a littafi.

Ya fara kawo *yIn*, wato rayuwa. Plummer ya ji kalmar ta yi laushi a bakin janar. Sai Okrand ya ɗauko *taH*, wanda a da ɗafa-ƙeya ne mai nuna aiki na ci gaba, ya ba shi matsayin aikatau mai nufin ɗorewa. Darasin da ke nan shi ne wanda kowane mai fassara ke buƙata: mai harshen da kansa bai nemi kalmar da za ta maye gurbin kalma ba. Ya tambayi kansa me Hamlet ke nufi, ya faɗi wannan.

Daga allo zuwa bakin mutane

A 1992 Lawrence Schoen, masanin halayyar ɗan Adam, ya kafa Klingon Language Institute. Cibiyar ta riƙa fitar da mujalla mai suna HolQeD, tana kuma shirya taron shekara-shekara da ake kira qep'a'. Barkwancin 1991 ya zama aiki na gaske: Nick Nicholas da Andrew Strader sun fassara Hamlet gaba ɗaya, aka buga a 1996. Bayansa an fassara labarin Gilgamesh da littafin Tao Te Ching. A 2010 an nuna wasan waƙe da Klingon zalla a birnin Hague na ƙasar Holan. A 2017 shirin Star Trek: Discovery ya zo da dogayen hirarraki cikin harshen, waɗanda Robyn Stewart ta fassara, a 2018 kuma Duolingo ta buɗe darasinsa. Masu iya hira da shi tiryan-tiryan dai ba su da yawa. Arika Okrent, a littafinta na 2009 kan ƙirƙirarrun harsuna, ta ƙiyasta su tsakanin 20 zuwa 30. Masu taɓa shi sama-sama sun ninka haka nesa ba kusa ba, kuma akasarinsu da maganar fim suke farawa.

Tarkunan da ke jiran ka

Na farko shi ne ɗafa-goshi. Aikatau a Klingon yana ɗauke da alama guda da ke faɗin wanda ya yi aikin da wanda aka yi wa a lokaci ɗaya. *legh* gani ne. *qalegh* ina ganin ka, *cholegh* kana gani na, *vIlegh* ina ganin sa, *mulegh* yana gani na. Sabon shiga yakan haddace *jI-* a matsayin "ni" ya riƙa liƙa shi ko'ina, alhali *jI-* na aiki ne kawai in babu karɓau. *jISop* daidai ne in kana nufin kana cin abinci kawai. Da zarar ka ambaci abin da ake ci, sai *vISop*. Kada abin ya ba ka mamaki sosai, don Hausa ma tana duba karɓau kafin ta saki aikatau: na saya, na sayi doki, na saye shi.

Na biyu, babu "ne" babu "ce". Ɗauki maganar da Darth Vader ya gaya wa Luke a fim ɗin 1980, cewa shi ne ubansa. A Klingon wakilin suna ne ke yin aikin dirka: *vavlI' jIH*, wato "ubanka ni". Amma akwai wani rami a ciki. Mallaka iri biyu ce. *-lI'* na abin da ke iya magana ne, *-lIj* na sauran abubuwa. Jirginka *DujlIj* ne. In ka ce *vavlIj*, ka sa uban mutum a sahun kayan ɗaki, kuma cin mutunci ne. Jam'i ma haka aka raba shi gida uku: *-pu'* ga masu magana, *-Du'* ga gaɓoɓin jiki, *-mey* ga saura. Jinsi kuwa babu. *ghaH* shi ne ita, shi ne shi.

Na uku, lokaci. Maganar Arnold Schwarzenegger a The Terminator na 1984, cewa zai dawo, ita ce ta fi kowace jan masu gwaji. Sukan ɓata lokaci suna neman kalmar "za". Babu ita. *jIchegh* na iya zama na dawo, ina dawowa ko zan dawo. Mahallin magana ne ke rarrabewa, ko ka ƙara kalma irin *wa'leS*, gobe, ko *wa'Hu'*, jiya. Abin da harshen ya damu da shi shi ne yanayin aiki: *-pu'* an gama, *-ta'* an gama da niyya, *-taH* ana ciki, *-lI'* ana ciki kuma akwai inda aka nufa. *vIghorpu'* na fasa shi ne, *vIghorta'* kuwa da gayya na fasa. Kuma abin da ya ba maganar Schwarzenegger armashi ba lokaci ba ne, barazana ce. Don haka *jIcheghbej*, da ɗafa-ƙeyar *-bej* mai nufin babu shakka, ya fi kusa da abin da aka ji a fim.

Na huɗu, layin ɗafa-ƙeya. Aikatau na da gurabe tara, suna na da biyar, kuma kowace ɗafa-ƙeya da gurbinta. *-laH*, iyawa, tana gurbi na biyar. *-'a'*, alamar tambaya, tana na tara. "Kana iya gani na?" shi ne *choleghlaH'a'*, ba a juya su. Korewa ma kashi-kashi ce. *-be'* na kore labari ne, kamar *qaleghbe'*, ba na ganin ka. Hani kuwa da *-Qo'* ake yi, tare da ɗafa-goshin umarni na daban: *HIlIjQo'*, kada ka manta da ni. Wannan ma ba baƙo ba ne gare ka, tunda "ba" da "kada" ba sa shiga gurbin juna.

Na biyar, fata da addu'a. Sallamar da mayaƙan Star Wars ke yi wa juna, ta fatan wani ɓoyayyen ƙarfi ya kasance tare da mutum, ta haɗa matsala uku: babu kasancewa, babu kalmar "tare da", kuma sai ka yanke ko mutum ɗaya kake wa magana ko jama'a, abin da Turanci bai tilasta ba. Mafita ita ce aikatau *tlhej*, rakiya, da ɗafa-ƙeyar fata *-jaj*. In ka zaɓi *HoS* a matsayin ƙarfi, za ka ce *Dutlhejjaj HoS* ga mutum ɗaya, *lItlhejjaj HoS* ga jama'a. Ƙarfi ya raka ka, ke nan.

Na shida, kwatanci. Inda Bahaushe zai ce jirgi ya fi gida girma, Klingon sai ya jero duka biyun: *Duj tIn law' juH tIn puS*, kusan kamar a ce girman jirgi da yawa, girman gida kaɗan. Wannan ƙirar ba ta bin tsarin sauran jimloli, haddace ta ake yi.

Abin da ƙamus bai tanada ba

Ko ka ƙware a duk wannan, akwai bango a gabanka. An yi harshen ne don yaƙi da tuƙin jirgin sararin samaniya. Babu "don Allah". Abin da ya fi kusa da gaisuwa shi ne *nuqneH*, wato me kake so. Ka auna wannan da gaisuwar safiya a Zazzau ko Damagaram, ka ga tazarar. Ƙamus na farko bai kawo aikatau na soyayya ba, sai masu harshen suka ɗauki *muS*, ƙi, suka liƙa masa *-Ha'* mai warware aiki, suka sami *qamuSHa'*. Kalmar *SuD* ta haɗa shuɗi da kore da rawaya, *Doq* ta haɗa ja da ruwan lemo. Akwai *-vIp* mai nuna tsoro, amma nahawun ya ce abin kunya ne mutum ya yi amfani da ita a kan kansa. To ya za ka yi da jarumar fim da ke cewa tana jin tsoro? Nahawu zai bari, al'adar da aka gina a cikin harshen ce za ta ƙi.

A shekarun 1990 wani masanin harshe a Amurka ya gwada yi wa ɗansa Klingon zalla tun yana jariri, uwar kuma tana yi masa Turanci. Yaron ya fara kamawa, amma kalmomin cikin gida sun yi ƙaranci, har tebur ba shi da suna a lokacin. Daga baya sai ya watsar.

Kuma ba ka da ikon ƙirƙiro kalma. A wurin masu harshen, Okrand kaɗai ke da wannan hurumi. Shi kuma yakan ce ba shi ke ƙirƙira ba, wai yana jiyowa ne daga Maltz, wani ɗan Klingon da aka kama a fim na uku. Kowace shekara akan miƙa masa jerin buƙatu, ya dawo da sababbin kalmomi.

Harshen na wane ne?

A ƙarshen 2015 kamfanonin Paramount da CBS suka kai ƙarar masu shirya wani fim na masoya mai suna Axanar, daga baya suka lissafa harshen Klingon cikin abubuwan da suke da haƙƙin mallaka a kai. Ƙungiyar Language Creation Society ta shigar da takarda a 2016 tana cewa harshen da mutane ke magana da shi ba ya mallakuwa. An sasanta a Janairun 2017 ba tare da kotu ta yanke hukunci a kan wannan batu ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ya tsaya mana a rai mu masu Hausa. Manhajar fassara ta Microsoft ta karɓi Klingon a 2013. Hausa, mai miliyoyin masu magana, sai a 2023 ta shiga. Ba yawan baki ne ya ba Klingon wannan dama ba. Abin da ya ba shi shi ne nahawu rubutacce a wuri ɗaya, da ƙamus da kowa ya yarda da shi, da 'yan tsirarun mutane masu naci da suka yi shekaru suna rubutu suna gyara wa juna.

In kana son gwadawa, kada ka fara da maganar da ta fi burge ka. Ɗauki gajera, ka faɗe ta da Hausa mai sauƙi tukuna, ka tambayi kanka wa ya yi, wa aka yi wa, an gama ko ana ciki. Sannan ka fara rubutu daga wanda aka yi wa. In ka gwada da "mayaƙa sun ga jirgi", amsar ita ce *Duj lulegh SuvwI'pu'*. Wannan *lu-* ɗin, mai nuna jama'a sun yi aiki a kan abu ɗaya, har waɗanda suka daɗe a harkar sukan manta da shi.